Na haɗa Airtable da Notion, shafuka suna ta ninkuwa: a ina na kuskure?

Tawada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, don yau kwana tara ke nan ina juya abu ɗaya ban ga bakin zaren ba.

Aikina gyaran rubutu ne. Mu huɗu ne muke karɓar maƙaloli daga marubuta, mu tace, mu mayar musu su gyara, sannan a wallafa. Lissafin maƙalolin yana cikin Airtable, manhajar ajiye bayanai a jadawali. Kowace maƙala layi ɗaya ce, da takenta, da sunan marubucinta, da ranar da ta iso, da ranar da ya kamata a gama ta, da fayil ɗin da aka turo, sai wani gurbi da muke kira Matsayi mai zaɓi huɗu: Sabuwa, Ana gyara, An mayar wa marubuci, An gama. A yau layukan sun kai 380. Can nake dubawa in ga wa ke riƙe da me, da kuma abin da wa'adinsa ya matso.

Amma tunanina ba ya zama a cikin jadawali. Idan na karanta maƙala, abin da ke zuwa mini a kai yana da tsawo, kuma ba shi da tsari. Shi ya sa kowace maƙala na buɗe mata shafi a Notion, manhajar rubutu da ajiye bayanai. A nan nake rubuta abin da na lura da shi a karatun farko, da jimlolin da nake shakkar ma'anarsu, da abin da muka tattauna da marubuci ta waya, da dalilin da ya sa na bar wani sakin layi bayan abokin aikina ya ce a cire shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi mini muhimmanci. Sau da yawa bayan wata shida marubuci zai dawo ya ce me ya sa aka taɓa masa kaza, to da shafin nan nake ba shi amsa ta gaskiya, ba ta kame-kame ba.

Kusan shekara biyu da hannu nake yi. Maƙala ta shigo, in rubuta ta a Airtable, in tsallaka Notion in buɗe shafi, in kwafo take da sunan marubuci da wa'adi. Matsayi ya canja, in canja a wuri biyu. Ranar da aiki ya yi yawa sai in manta da ɗaya, daga nan jadawali yana cewa an gama, shafi yana cewa ana gyara. Sai na ce bari in bar wa na'ura wannan ɗawainiya. Na buɗe asusu a ɗaya daga cikin manhajojin haɗi, irin su Zapier da Make ɗin nan, na shirya ayyuka biyu.

Na farko: duk lokacin da aka taɓa wani layi a Airtable, a buɗe masa shafi a Notion. Washegari na tarar da maƙala ɗaya tana da shafi biyar, domin sau biyar muka taɓa layinta. Wasu shafukan ma babu take, saboda abokiyar aikina ta buɗe sabon layi ta tafi ta dawo kafin ta cike shi. Na gane wannan kuskuren da kaina. Na gyara, na ce a fara neman shafi mai irin wannan taken, idan an samu a sabunta shi, idan babu a buɗe sabo. Ya yi kwana uku lafiya. Sai muka canja wa wata maƙala take, wanda kuwa a aikinmu kusan kullum ne, sai ga sabon shafi fayau, tsohon da ke ɗauke da duk rubutuna yana gefe babu mai kula shi. Wata kuma taken bai canja ba a ido, ashe wani ya rubuta "ƙasa" da ƙ mai lanƙwasa, wani ya mayar da ita k, na'ura ta ɗauke su abu biyu.

Na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali. Na ce idan aka canja Matsayi a Notion, a je a canja shi a Airtable. Tun da na kunna shi ayyukan biyu suka shiga jefa wa juna. Wannan ya rubuta a Notion, wancan ya ga an taɓa shafi ya rubuta a Airtable, na farko ya ga an taɓa layi ya sake komawa Notion. Duk minti goma sha biyar haka, dare da rana, har adadin ayyukan da aka ware mini na wata ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sa na kashe komai shi ne wata maƙala da na sa mata "An mayar wa marubuci" a Airtable, tsohon matsayin da ke Notion ya zo ya goge shi. Abokin aikina ya ga "Ana gyara", ya ɗauka ba a aika ba, ya zauna ya sake gyara rubutun da marubucinsa yake can yana gyarawa. Yini guda ya tafi a banza, kuma ni na jawo.

Na san ba laifin manhajojin ba ne, abin da na ce su yi shi suka yi. Tambayoyina su ne: yaya ake sa layi ya gane shafinsa ko da take ya canja? Yaya ake hana wannan kai-komon? Kuma ku gaya mini gaskiya, haɗin da ke tafiya ta ɓangare biyu abu ne mai yiwuwa ga irina da ba ta iya rubuta manhaja ba, ko in haƙura da shi?

Makulli ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da fama. Duk abin da kika lissafo na taɓa faɗawa cikinsa, kuma tushensa biyu ne kawai.

Na farko, kin sa take ya zama sunan da na'ura ke gane maƙala da shi. Take na mutane ne, yana canjawa, ana kuskuren rubuta shi, kuma maƙala biyu suna iya yin take iri ɗaya. Kowane layi a Airtable yana da lambar shaidarsa da ba ta canjawa tun daga ranar da aka buɗe shi. Tana farawa da rec, gaba ɗayanta haruffa da lambobi 17 ne. Ki ƙara gurbin lissafi ki rubuta RECORD_ID() a ciki, za ki gan ta. A Notion ki buɗe gurbin rubutu ki kira shi "Lambar Airtable", duk shafin da aka buɗe a zuba masa lambar layinsa. Shi ma shafin Notion yana da tasa lambar mai haruffa 32, ita ce take ƙarshen adireshinsa, kuma ko kin canja take adireshin zai ci gaba da kai ki wurin. To da zarar an buɗe shafi, mataki na gaba a cikin aikin shi ne a dawo Airtable a rubuta lambar shafin a wani gurbi, ki kira shi "Shafin Notion".

Wannan gurbin shi ne zai zama mai gadi. Sharaɗin buɗe shafi ya zama: gurbin "Shafin Notion" babu komai a ciki, kuma an cike take da sunan marubuci. Da an cike gurbin, layin ya fita daga sahun masu neman shafi har abada. Ni nakan ƙara akwatin sa alama guda mai suna "A buɗe shafi", wanda mutum zai danna da hannunsa bayan ya gama cike layin. Wasu suna ganin wannan koma baya ne tunda ana son komai ya yi kansa, amma danna akwati ɗaya bai kai daƙiƙa ba, kuma shi ke kawar da shafukan nan marasa take. Dalili kuwa, a Airtable layi yana wanzuwa tun lokacin da aka danna alamar ƙari, kafin a rubuta ko harafi ɗaya, na'ura kuma ba ta san mutum bai gama ba.

Na biyu shi ne babba. Kin bar Matsayi yana da masu gida biyu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kafin ki sake kunna komai, ki ɗauki takarda ki jera duk gurbin da kike da shi, a gaban kowanne ki rubuta wuri ɗaya tak da aka yarda a canja shi. Bisa abin da kika bayyana, take da marubuci da wa'adi da Matsayi na Airtable ne, domin can kuke tacewa ku raba aiki. Rubutun cikin shafi na Notion ne, kuma babu abin da zai kai shi Airtable. Abin da ke saman shafin Notion kwafi ne kawai na karantawa. Idan kika tsara haka, aiki na biyun nan ba ki ma buƙatarsa, kai-komo kuma ba shi da hanyar da zai bi.

Sauran abu ɗaya. Tunda aikin zai koma Airtable ya rubuta lambar shafi, wannan rubutun ma taɓa layi ne, yana iya sake tayar da aikin sabuntawa. Gurbin da ke nuna lokacin gyara na ƙarshe a Airtable, wanda da shi aikin ke gane an taɓa layi, ana iya saita shi ya lura da wasu gurabe kaɗai. Ki zaɓa masa huɗun nan: take, marubuci, wa'adi, Matsayi. Kada ki sa "Shafin Notion" a ciki.

Game da tambayarki ta ƙarshe, yana yiwuwa, ba zan ce miki ba ya yiwuwa ba. Notion yana ajiye wanda ya taɓa shafi a ƙarshe, don haka ana iya cewa idan haɗin ne ya taɓa ba mutum ba, a ƙyale. Ana kuma iya kwatanta abin da ke nan da abin da ke can kafin a rubuta, idan iri ɗaya ne a tsaya. Wannan zai kashe kai-komo. Abin da ba zai kashe ba shi ne irin wanda ya same ku: mutum biyu su canja abu ɗaya a wuri biyu tsakanin dubawa da dubawa. Dole wani ya yi nasara, kuma na'ura ba ta san wanda ya fi gaskiya ba. Ko agogo ba zai raba gardamar sosai ba, domin lokacin gyara da Notion ke bayarwa a kan minti yake tsayawa, ba ya nuna daƙiƙa. Shawarata ki haƙura da shi.

Sannu-Sannu ta rubuta:

'Yar'uwa, ni ta wata fuska zan zo miki, ko da ba za ta yi wa masu son haɗe-haɗe daɗi ba. Me ya hana ki kwashe komai ki mayar Notion? Shi ma yana da rumbun bayanai, kuma a cikinsa kowane layi shafi ne da kansa. Ki danna layi, shafi ya buɗe, ki yi rubutunki a ƙasa, take da Matsayi da wa'adi suna sama. Babu lambar shaida, babu mai gadi, babu abin da zai tsaya da tsakar dare ba ki sani ba. Layi 380 ba wani yawa ba ne, ki fitar da su a fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, ki shigar a Notion.

Na faɗi haka ne don na riƙe irin wannan haɗin fiye da shekara, kuma abin da ba a gaya wa mutum tun farko shi ne haɗi kiwo ne, kullum yana son a duba shi. Wani ya canja sunan gurbi, ya tsaya. Wani ya ƙara sabon zaɓi a Matsayi a gefe ɗaya bai ƙara a ɗayan ba, ya tsaya. Mafi muni, yakan tsaya shiru, sai bayan mako biyu ki lura sababbin layuka ba su da shafi. Ku huɗu ne, kuma ke kaɗai kika san yadda aka ƙulla abin. Ranar da kika yi tafiya ko ba ki da lafiya fa?

Idan akwai abin da Airtable ke yi miki wanda ba za ki iya rabuwa da shi ba, to ki bi maganar Malam Makulli, daidai ya faɗa. Amma ki fara tambayar kanki ko akwai ɗin.

Tawada ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai. Malam Makulli, maganar takarda da jera gurabe ta shige ni. Na yi a daren jiya, kuma da na zo kan Matsayi sai na tsaya, don na ga dalilin da ya sa na so ya canju daga Notion: ina gama rubuta bayanina a shafi, hannuna yana wurin, ba na son in tashi in nemi layin a wata manhaja. Buƙatata ke nan gaba ɗaya, ita na je na gina wa aiki sukutum.

Yaya Sannu-Sannu, na yi tunanin abin da kika ce tun kafin in fara, kuma ban raina shi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne jadawalin maƙaloli ba shi kaɗai ba ne. Yana ɗaure da jadawalin marubuta da na fitowa-fitowa, akwai lissafe-lissafen da ke gaya mana kowane marubuci maƙala nawa ya turo da kwana nawa kowacce ta ɗauka, kuma marubuta ta fom ɗin Airtable suke turo aikinsu, sun saba da shi. Na san Notion ma yana iya ɗaure jadawali da jadawali, amma sake gina wannan duka da sake koya wa mutum uku aiki ne na makonni, a tsakiyar lokacin da muke da wa'adi. Sannan akwai wani dalili da ya fi wannan a wurina. Shafukan Notion nawa ne, akwai abin da nake rubutawa game da rubutun mutum wanda ba na so ya zauna a inda kowa ke shiga kullum. Rabuwar wuraren biyu tana ba ni damar yin tunani a sake. Amma maganarki ta tafiya da rashin lafiya gaskiya ce, zan rubuta yadda aka ƙulla abin a shafi ɗaya in ba su.

Allura ya rubuta:

Malama, tunda kin yanke shawarar ci gaba, ga wasu duwatsu da ke kan hanya, gara ki san da su kafin ki yi tuntuɓe.

Buƙatar nan taki ta canja Matsayi daga cikin shafi tana da magani mai sauƙi: a saman kowane shafi a sa adireshin layinsa na Airtable. Kin gama rubutu, ki danna, layin ya buɗe, ki canja. A Airtable ma akwai gurbin maɓalli da ke buɗe adireshi, ki sa shi ya riƙa kai ki shafin Notion. Dannawa ɗaya ce ta kowane ɓangare.

Kada ki kwafi adireshin fayil ɗin maƙala zuwa Notion. Tun ƙarshen 2022 adireshin fayilolin da Airtable ke bayarwa ta API, wato hanyar da manhajoji ke magana da juna, na ɗan lokaci ne, bayan 'yan awanni ya daina aiki. Za ki gwada a ranar ki ga yana buɗewa, washegari ya mutu. Na Notion ma haka suke, awa ɗaya suke yi. Ki bar fayil a inda yake, adireshin layi ya ishe ki.

Idan kina da gurbin dogon rubutu da kike son ya shiga shafi, misali taƙaitaccen bayanin da marubuci ya turo, ki sani Notion ba ya karɓar fiye da haruffa 2000 a guntun rubutu ɗaya ta API. Wanda ya wuce haka sai an yanka shi gida-gida, in ba haka ba a mayar da saƙon kuskure kuma shafin ba zai buɗu ba. Sunan zaɓi kuma ba ya karɓar waƙafi, ki duba kada wani cikin zaɓuɓɓukanki ya zo da shi.

Ranar da za ki ɗaure tsofaffin layukan nan 380, kada ki sake su gaba ɗaya. Notion yana karɓar kimanin buƙata uku a daƙiƙa, Airtable biyar a daƙiƙa ga kowane rumbu. Idan aka wuce, amsar da ke dawowa lamba 429 ce, a Airtable kuma sai an jira daƙiƙa 30 kafin a ci gaba. Ki riƙa sakin ashirin-ashirin kina dubawa. Kuma tunda tsofaffin suna da shafukansu tun da, ba buɗe sababbi za a yi musu ba, lambar kowane shafi za a ɗora a layinsa. Wannan da ido za ki yi shi, don taken da ya yaudari na'ura zai sake yaudararta.

Idan kika ga saƙon kuskure 404, wato ba a samu shafin ba, alhali shafin yana nan kina kallonsa, yawanci ba a ba haɗin izinin shiga wannan rumbun na Notion ba ne. Sai an shiga an ƙara shi da hannu. Mabuɗin da haɗin ke shiga Airtable da shi kuma ki ba shi izinin rumbu ɗayan nan kaɗai, ba duk asusunki ba.

Na ƙarshe, gogewa. Haɗin da ke zuwa dubawa lokaci-lokaci yana ganin layin da aka ƙara ko aka gyara, amma wanda aka goge ba ya nan balle a gan shi, shafinsa zai zauna maraya. Ku daina goge layi, ku ƙara zaɓi na biyar, "An soke".

Ni kaina daga baya wata manhajar rubutu mai suna Obsidian na koma, inda kowane rubutu fayil ne na Markdown a kan kwamfutata, wata 'yar manhaja da na rubuta da Python take jawo layuka ta rubuta su a saman fayil. Amma wannan sai mai sha'awar rubuta manhaja, kuma ku da kuke aiki tare ba lallai ya dace da ku ba.

Tawada ta rubuta:

Na dawo da rahoto, don bai kamata a taimake ni in yi shiru ba.

Na goge aiki na biyu gaba ɗaya. Na farkon na raba shi gida biyu, ɗaya mai buɗe shafi, ɗaya mai sabuntawa. Mai buɗewa ba ya motsi sai an danna akwatin "A buɗe shafi" kuma gurbin "Shafin Notion" babu komai. Mai sabuntawa yana zuwa kai tsaye da lambar shafi, ba ya neman take ko kaɗan. Na gwada da gangan: na canja wa wata maƙala take sau uku a jere, na cire lanƙwasar ƙ na mayar, shafi ɗaya ne dai, takensa yana bin na jadawali, rubutuna yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. Sai da na yi ajiyar zuciya.

Ɗaure tsofaffin ne ya ci ni lokaci, yamma uku na yi a kai. Na jera shafukan Notion da layukan Airtable gefe da gefe ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ashe ɓarnar ta fi yadda na zata: shafuka 61 ne suka ninku, kuma a cikin guda bakwai na riga na yi rubutu a sabon shafin ban sani ba, wato bayanin maƙala ɗaya ya rabu wuri biyu. Waɗannan sai da na karanta su na haɗe da hannu bisa kwanan wata. A nan na ga amfanin maganar Malam Allura cewa da ido za a yi. Akwai maƙala biyu na marubuta daban masu take iri ɗaya harafi da harafi, da na bar wa na'ura da ta haɗa bayanin wani da na wani, kuma da wannan bayanin zan je in yi wa marubuci magana.

A Notion na canja wa gurabun saman shafi suna, kowanne na ƙara masa "daga Airtable", don duk wanda ya kai hannu zai canja ya tuna ba nan ne wurinsa ba. Yaya Sannu-Sannu, na rubuta shafin bayanin da na yi alkawari, kuma saboda maganarki ta tsayawa shiru na yi wani abu: na buɗe wani kallo a Airtable da ke nuna layukan da aka danna wa akwati amma ba su sami shafi ba. Idan komai lafiya, babu komai a cikinsa. Shi nake fara buɗewa da safe. Jiya ma ya kama guda ɗaya, bayanin marubuci ne ya wuce haruffa 2000, na ga dalilin nan take tunda an riga an gaya mini.

Abin da ban zata ba shi ne yadda abokan aikina suka karɓi dokar wuri ɗaya. Na ɗauka za su ga takura ce. Wanda ya yi asarar yininsa cewa ya yi shi dama abin da yake so ke nan, ya san inda zai duba ya yarda da abin da ya gani.

Saura matsala ɗaya da ta gagare ni. Wa'adin da na sa 14 ga wata a Airtable, a Notion 13 yake fitowa. Ba duka ba, amma mafi yawa. Na duba saitin kwanan wata a ɓangarorin biyu ban ga bambanci ba. Ko akwai wanda ya taɓa gamuwa da wannan?

Makulli ya rubuta:

Madalla Malama, aiki ya yi kyau. Wannan na kwanan wata kusan tabbas agogo ne. Ki duba ko gurbin wa'adin an kunna masa lokaci, ba rana kaɗai ba. Airtable da agogon GMT yake ajiye lokaci, sai ya nuna wa kowa da agogon inda yake. Idan agogonku yana gaba da GMT, sha biyun daren da ya buɗe ranar 14 a wurinku har yanzu 13 ne a GMT, to idan aka yanke ranar kaɗai aka aika, 13 za ta tafi. Waɗanda suka fito daidai ki duba su, ina zaton za ki tarar an sa musu lokaci da rana tsaka, shi ya sa ba su tsallaka baya ba.

Idan ba ku buƙatar awa a wa'adi, ki kashe lokacin a gurbin, ya zama rana zalla, sannan ki bi layukan ki tabbatar babu ranar da ta motsa wajen canjin. Idan kuna buƙatarsa, ki ƙara gurbin lissafi da SET_TIMEZONE a cikin DATETIME_FORMAT, ki ba shi yankin agogonku, ya fitar da ranar a tsarin YYYY-MM-DD, wannan gurbin za ki riƙa aika wa Notion maimakon na asalin. Ki duba saitin agogo a manhajar haɗin ma, ita ma tana da nata. Wajen gwaji ki buɗe layi biyu, ɗaya ki sa masa 00:30, ɗaya 23:30 na rana ɗaya, ki ga ko duka biyun sun sauka a rana guda a Notion.